Disket a Cikin Fata

Alhusaini mutumin Bambeye ne, amma rabin rayuwarsa a Tawa ya yi ta, a gaban keken rubutu. Yatsunsa biyu kawai yake aiki da su, yana dukan madannai kamar suna da laifi. A wani furoje, wato shirin haƙa rijiyoyi, yake aiki. A shekarun nan da ma'aikatan gwamnati ke wata da watanni ba albashi, hanyar arewa kuma ba a binta sai da rakiyar soja, tukunyar gidansu duka a kansa take, har da ta ƙaninsa malamin makaranta.

Ana nan sai aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, biro, ofishin da yake aiki. Darakta ya tara shi da Ramla, yarinyar da aka ɗauko daga Yamai don ta taya shi bugu, ya ba kowannensu disket, ɗan baƙin faifan da ake zura wa injin. Ya ce darussa na ciki, kowa ya koya da kansa yadda ya iya, abin da ya yi kuma ya ajiye a faifansa. Idan ya dawo daga tafiya bayan damina zai duba, domin mai bugu ɗaya furoje zai riƙe.

Tsoro ya kama Alhusaini sosai. Amma mutumin akwai naci. In an tashi cin abinci shi yana zaune, injin na yi masa ƙara duk lokacin da ya kuskure, shi kuma yana ba shi haƙuri. Da gero ya fara fid da kai, ya gama darasin ƙarshe, yatsu goma na tafiya.

Daga nan ne barci ya ƙaurace masa. Faifan na kwana a biro, Ramla kuma tana da makulli. Baiwar Allah ba ta taɓa yi masa ko kallon banza ba, amma mai jin tsoro ba ya tambayar wannan. A wurinsu abu in yana da daraja fata ake sa masa, ko laya ce ko katin ɗan ƙasa. Don haka ya kai wa Tanna baduku a kasuwa.

Tanna ya juya faifan, ya tambaya ko ana ninke shi, aka ce a'a. Ya jiƙa jar fata, ya naɗe, ya bi gefe da basilla, ya ƙara huda biyu a tsakiya don kada abin ya riƙa motsi. Sannan ya danne da dutse a rana.

“Wagga hwata ko ruwa ba su shiga ta,” in ji shi. “Tahi ka kwanta da hankalinka.”

Alhusaini ya rataya a wuya, ƙarƙashin riga, yana shafawa in ya wuce Ramla.

Ranar da darakta ya dawo, Ramla ta nuna nata, ba yabo ba fallasa. Alhusaini ya ciro reza ya farke ɗinkin a gabansu, fuskarsa fal murna. Darakta ya karɓi faifan, ya ɗaga shi wajen taga. Haske ya ɓullo ta huda biyun da basilla ta yi wa faifan.

Bai ko zura shi a injin ba. Ya ajiye a kan tebur, ya ce Ramla ta ba su wuri.