Inuwar marken da ba ya nan

Ko zan manta da kowa a aikina na gashin ƙashi, ban da tsohon nan na Badarawa. An kawo mana shi asibiti a Kaura Namoda, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ranar sallama na tambayi babban ɗansa ko da bishiya kusa da gida. Ya ce akwai marke tun na kakansu, ba nisa da zaure.

Na ce to, kullum Baba ya taka zuwa marken, ya huta a inuwa ya dawo, a kuma gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi safe da yamma. Ina ta ji da kaina, ni likita. Ban tambayi inda za su samo itacen dafa ruwan ba, alhali na san 'yan bindiga sun hana kowa shiga daji.

Bayan wata biyu na hau babur na je duba shi da tsakar rana. Babu marke, sai kututture. Ga Baba zaune a gefensa kan buzu, rana na dukan tsakiyar kansa. Tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ni gumi ya jiƙa min riga, shi ko ɗigo babu a goshinsa.

Ya ce, "Likita, mi kaka yi cikin rana? Matso cikin inuwa." Ya sa sanda ya zana min iyakarta a ƙasa, kamar yana ganinta. Wallahi sai da na matsa.

Babban ɗan nasa ya ja ni gefe ya ce, "Reshe-reshe munka ɗiba don ruwan da kac ce, har icce ya ƙare. Shi ko bai hwasa zuwa ba."

Na taɓa hannun Baba, zafi rau. Rana ce ta busar da shi har gumi ya ƙi fita. Na hana shi fitar, na ce ya riƙa zagaya tsakar gida. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tahiya sai da wurin zuwa."

Bai sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin yana cina har yau. Yanzu jarka nake cewa a ajiye a rana ta ɗumama ruwan. Tsohon nan ya koya min cewa inuwar da majinyaci zai taka ya je, ita ma magani ce, kuma da bakina na sa aka ƙone tasa.