Ranar da Na Durƙusar da Japanawa Uku a Tianhe

Sanyuanli, 5:40 na asuba

Ina idar da salla na suri jakata. Sai ƙarfe goma za a gana da ni, tafiyar kuma ba ta kai awa guda ba, amma wa ya isa ya zaunar da ni? Wani kamfanin Japan ne ke ɗaukar waɗanda suka gama jami'a, su yi shekara biyu a Osaka suna aiki suna karatu. Ni kuwa na gama nawa digirin a nan Guangzhou ta ƙasar Caina, takardar zamana saura mata wata ɗaya. In ban samu ba sai Kano, Japanancin da na shekara uku ina gwagwiya ya tashi a tutar babu.

Kawu Sani, ƙanin Ummata mai sarin takalma, shi ya rako ni.

"Bilki, tun yanzu? Ko masu shara ba su fito ba."

"Kawu, mutanen nan fa ba su san 'ga ni nan tafe' ba."

Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, 6:15

Aka zura jakunkunanmu a na'urar bincike. Mai gadin ta ɗaga gorar kunun gyaɗar Kawu, ta yi masa alamar ya kurɓa a gabanta. Ya kurɓa, ya ƙara, sannan ya miƙa mata yana cewa bisimilla. Tikiti yuwan huɗu kowa, kuɗin ƙasar ke nan. Tasha ɗaya muka yi muka sauya jirgi.

Xiaobei, 6:45

Muka sauka karin kumallo a shagon wasu Musulmi 'yan ƙasar, taliya da naman sa, yuwan sha biyar kwano. Zumuɗi ya hana ni ci. Na tsaya gaban gilashin shagon ina ta gwada gaisuwar Japanawa: a tsaye ƙyam, a ɗan ranƙwafa, a ɗago.

"Ke da kaza mai tsintar gero ba bambanci," in ji Kawu, yana jawo kwanona gabansa.

Tianhe, 10:00

Awa biyu na yi zaune a hawa na ashirin da takwas na ginin da ofishin kamfanin yake kafin a kira sunana. Mutum uku ne a ɗakin, na tsakiyarsu dattijo mai furfura fat, sa'an kakana. Wallahi gwiwoyina ba su yi shawara da ni ba. Sai ganina na yi durƙushe har ƙasa, kai a sunkuye, ina zuba gaisuwa da Japananci.

Na ce shi ke nan, na ɓata rawata da tsalle. Ina ɗaga ido na ga dattijon ya bar kujerarsa, ya zube gwiwa biyu a kan kafet. Sauran biyun, ganin ubangidansu a ƙasa, su ma suka sauko. Ni ba zan miƙe kafin babba ba, shi kuma ba zai miƙe kafin baƙuwa ba. Muka yi cirko-cirko, har dariya ta ƙwace mini.

"Haka kuke gaisuwa a garinku?" ya tambaya.

"Haka muke gaida manya, ranka ya daɗe."

"To mu zauna a nan ɗin. Ba ni labarin garin."

Minti arba'in muka yi a ƙasa, Japanancina na tuntuɓe yana tashi.

Hanyar komawa, 1:20

Muna cikin jirgi saƙo ya shigo wayata: sun ɗauke ni. Na rangaɗa guɗa! Fasinjoji suka waiwayo, Kawu ya hau nuna musu wayar ɗaya bayan ɗaya, kamar sun tambaye shi.

Gida, 2:05

Na kira Umma, gari bai daɗe da wayewa ba a Kano. Na fara mata da labarin kafet.

"Ke! Kika bari tsoho ya durƙusa miki? Haka na koya miki?"

"Umma, sun fa ɗauke ni."

Ta yi hamdala sau uku. Sannan ta tambaye ni:

"Japan ɗin ta fi Caina nisa?"

"Kaɗan, Umma."

"To. Na sa an yi wa ɗakinki fenti ne dama. Ba komai, zai jira."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Kawu da rakiya. Umma kuwa, bakina ya kasa yi mata godiya, sai kuka na yi mata.