Kawu Na'ibi da Ƙauyen da Bai Taɓa Gani Ba

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, Latifatu, 'yar Kawu Na'ibi, ta bugo mini waya daga unguwar Waziriyya a Jidda ta ce mahaifinta ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu Na'ibi, na yi kuka, amma fushina ya fi kukan yawa.

Shekara talatin da ɗaya kana tuƙa Hawaja Manoli, Bagirken da ka biyo daga Bur Sudan zuwa Jidda. Da ya makance, ba abin da yake so sai ƙauyensu na kan tsaunukan Girka. Ba ka taɓa zuwa ba, amma ya sha ba ka labarinsa har ka haddace shi lungu-lungu. Kullum bayan la'asar sai ka riƙe hannunsa a lambun gidansa na Abhur, kana faɗa masa inda kuka iso kamar a can kuke. Ga marmaron da mata ke wanki. Ga gadar dutse da kakansa ya gina, wadda ambaliya ta ci sau biyu. Ga makarantar da sojoji suka ƙona lokacin yaƙi, ga cocin da aka ɓoye ƙararrawarsa a rijiya. In ka tsallake wuri ɗaya sai ya tsaya cak, ka ce, “Yalla, Hawaja, mu koma gada.” Muna tsokanarka da sarkin ƙauyen Girka, kana dariya.

Manoli na mutuwa, ɗansa Dimitiri ya rufe kamfanin mahaifinsa ya tafi Atina, babban birnin Girka. Sa hannunsa ɗaya ya rage a mayar da iƙamarka, takardar izinin zama, wurin wani kafili, wato sabon ubangida, ya ce yana sauri. Iƙama ta mutu. Shekara biyu ƙirji na cinka, ka ƙi asibiti don tsoron a kama ka a raba ka da 'ya'yanka. Ajali na Allah ne, na sani, amma wulaƙancin na Dimitiri ne.

Kwana uku bayan jana'iza ya kira wayarka, ni na ɗauka. Wai ya je ƙauyen, gidaje sun zama kufai, tsofaffi sun ƙare, ya rasa wanda zai nuna masa gidan kakansa.

“Ba ni Na'ibi,” in ji shi.

Na ce, “Halas, an gama. Mun rufe shi ranar Talata, da ƙauyenku gaba ɗaya.”

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ku iyalinsa, Inna Naja'atu, Latifatu da Mustafa, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kam ku sa ni a addu'a, don har yau ban yafe ba.