Sun Wanke wa Sarki Fuska

Shekara ashirin da shida Zinaida Arkadiyevna ta yi tana gadin ɗaki na tara a wani gidan tarihi na birnin Petersburg, a ƙasar Rasha. Aikin bai wuce zama a kujera da hana mutane taɓa hotuna ba. Daidai gabanta zanen wani matashin sarki ne na zamanin da, da jar alkyabba da takobi.

Masu zagayawa da baƙi kan ce, "Ku dubi izza, ku dubi mulki!" Ita kuwa sai ta taɓe baki. Izzar me? A ƙarƙashin idonsa na hagu akwai ɗan duhu mai sheƙi, irin na wanda ya haɗiye kuka. Haka idon ɗanta Timosha yake ranar da ta zazzaga masa faɗa, ya fita a fusace, ya bi ta kan daskararren kogi, ƙanƙarar ta fashe da shi. Ko gawarsa ba a gani ba. Don haka kullum da safe, kafin a buɗe ƙofa, gaban wannan ido take tsayawa ta ce, "Ka yafe mini."

Raisa mai karɓar rigunan sanyi ba ta rabuwa da tsokanarta. "Zina, yau me angon naki ya ce?"

"Ya ce ki rage surutu, kina tayar masa da ciwon kai."

Ana nan aka sauke zanen domin gyara. Wata takwas tana kallon bango, har ta rame.

Ranar da aka mayar da shi, Gileb Rodiyonovich mai gyaran ya zo baki har kunne. "Zinaida Arkadiyevna, kin ga aiki? Hayaƙin kyandir na shekara ɗari biyu muka wanke!"

Ta matsa kusa, ta gyara tabarau. Kunci fes, ido tar.

"Ina abin da ke ƙarƙashin idonsa?"

"Wannan? Ai datti ne, tsohon man sheƙi ne ya daskare. Mai zanen bai taɓa sa shi ba. Dubi yadda ya ɗaga gira sama, wannan bawan Allah bai san baƙin ciki ba."

Wallahi da gaskiyarsa, kuma ba da mugunta ya faɗa ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Washegari ta zo da wuri kamar kullum, ta tsaya, ta buɗe baki. Sarki ya bi ta saman kanta da kallo, can nesa. Ta rasa wanda za ta roƙa. Sai ta koma kujerarta ta zauna, aka buɗe ƙofa.