Kiɗan Yaya Sadik a Bayan Ƙofa

Gidan da na tashi a cikinsa yana Pleasant Garden, kudu da Greensboro, inda gidaje ke nesa da juna, ko burodi za ka saya sai ka hau mota. Baba ya kama shi ne a shekarar da mahaifiyarsa ta zo daga Kano ta zauna da mu. Mu yara Kaka muke ce mata. Ba ta daɗe da sauka ba ta ce ita fa gidan da ba a hura wuta a cikinsa bai cika gida ba. Baba ya samo tsohon duro, ya yanka shi biyu, ya ajiye a bayan gida. Daga sanda ganye ya fara zuba har sanyi ya kore mu ciki, da an idar da magariba za ka same mu a bakin wutar nan, ni da yayana Sadik, Kaka a kan kujerar roba da bargo a gwiwarta, dankali yana nuna a cikin toka.

In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga wata baƙuwa ta taho daga nesa." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Ni da Hausa nake amsawa, Yaya Sadik kuwa rabinsa Turanci ne, kuma ba mai yawan magana ba ne tun asali.

A shekarar da ya shiga babbar sakandare ya dawo gida da ukulele, 'yar ƙaramar garaya mai tsirkiya huɗu. Wani maƙwabcinmu da zai tashi ne ya ba shi. Kaka ta juya ta gaba da baya ta ce, "Au, gurmin Turawa ne." Tun daga ranar ba ta rabuwa da hannunsa, kuma kowa ya ga abin ya shiga ransa. Sai maganar malami ta taso.

Akwai wata dattijuwa Ba'amurkiya a Sedgefield da ta yi ritaya daga koyar da kiɗa a makaranta. Baba ya kai shi gwaji wata Asabar, ni ma na bi su. Ta zaunar da shi a gabanta, gwiwa da gwiwa, ta ce ya kaɗa abin da ya iya. Yana farawa ta kama wuyan hannunsa na hagu ta miƙar, ta ce yana matse abin kamar zai gudu. Ta ce ya sake, ta zuba masa ido. Zufa ta karyo masa, ya yi ta kuskure, ita kuma tana murmushi tana cewa ya ci gaba. Da muka shiga mota muka hau babban titi, sai ya ce da Turanci matar tana kallonsa da yawa.

Baba yana aiki a wani babban sito kusa da filin jirgi, kuma an fara sa shi aikin Asabar. Mama tana kula da tsofaffi a wani gida, ba ta da ranar kanta. Mota ɗaya ce. Da Yaya Sadik ya nuna wa Baba darussan da ke intanet, inda wani saurayi ke nuna kowane yatsa a hankali, Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To ai shi ke nan."

Da yammacin ranar Kaka ta tambaye shi a bakin wuta.

"Shi wannan na cikin waya, yana ganinka?"

"A'a Kaka, bidiyo ne. An riga an ɗauka."

"In ka yi ba daidai ba fa?"

"Sai in mayar da shi baya in sake."

Ta tona dankali da tsinke, ta mayar, sannan ta ce baƙuwa ta taho daga nesa.

Ta ce an yi wani yaro, Tanko, da yake son koyon gurmi. Makaɗin garinsu tsoho ne mai faɗa. Yana buga wa almajiransa kara a yatsu, kuma a ƙofar gida yake koyarwa, inda duk mai wucewa zai tsaya ya yi dariya. Tanko ya je sau ɗaya, ya sha kunya, ya rantse ba zai koma ba. A bayan gari kuwa akwai wata tsohuwar rijiya da aka daina ɗiban ruwanta. Wata rana ya zauna a bakinta yana kuka, sai ya ji kiɗa yana tasowa daga ƙasa, mai daɗin da bai taɓa jin irinsa ba. Ya kwaikwaya. Muryar rijiya ta sake. Ba ta gajiya, ba ta faɗa, in ya ce ta maimaita sai ta maimaita. Haka ya koyi duk wani take da ake kaɗawa a ƙasar, har ya fi tsohon makaɗin. Masu kiwo suka ji shi, labari ya kai gari. Ran bikin 'yar mai gari aka ɗauko shi aka zaunar a tsakiyar dandali. Ya ɗaga kai ya ga idanu, yatsunsa suka mutu.

"Rijiya ba ta da ido," in ji Kaka. "Ta koya masa komai, ba ta koya masa a kalle shi ba."

Ta ce sai Tanko ya tashi ya koma bakin rijiyar, bai sake shiga gari ba. Ciyawa ta tsiro ta rufe shi. Masu itace har yanzu suna jin gurmi a wajen, amma ba wanda ya ƙara ganin fuskarsa. Ta kakkaɓe hannunta ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Ashe Baba yana tsaye a bakin ƙofar baya. Ya ce, "Haba Inna, da ni kike? Ina zan raba kaina?"

"Ni tatsuniya na yi, Alhaji," in ji ta.

Yaya Sadik ya ƙware, wannan ba wanda zai musa. Yana dawowa daga makaranta sai ɗaki, ya tura ƙofa, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Ya fara ɗaukar kiɗansa yana sawa a intanet, hannuwansa kaɗai ake gani, mutanen da ba mu sani ba suna yabonsa daga ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Fitowarsa bakin wuta ta ragu, daga baya ta tsaya. Abincinsa ma a ɗaki. Ya fara ɗaure wuyan hannunsa da bandeji, in an tambaya ya ce ba komai. Mama takan ce gara wannan da yawon banza, kuma mutanen masallaci suna yaba wa Baba da ɗa mai zaman gida.

Ina shekarar ƙarshe a ƙaramar sakandare ciwo ya kwantar da Kaka. Likitoci suka ce a mayar da ita gida, aka kafa mata gado a falo. Wata la'asar, 'yan dubiya sun cika wajen, ga Anti Balki da wasu mata daga Summerfield, sai Kaka ta buɗe ido ta ce a kira mata Sadiku ya kaɗa mata gurminsa. Ta ce shekaru tana jin sa ta bango, tana so ta gani da idonta.

Ya fito. Ya zauna a kan kujera kusa da gadon, ya ɗora ukulelen a cinya. Matan suka zuba masa ido. Ya sa yatsunsa a kan tsirkiyar. Ya taɓa sau ɗaya, sautin ya fita a karkace. Ya sake. Numfashinsa ya fara sama-sama.

"Sannu a hankali, ɗan albarka," in ji Anti Balki. "Mu ne fa."

Ya miƙe, ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri," da Hausa, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Can sai kiɗa ya taso ta cikin bango, tsaf, babu tuntuɓe ko ɗaya. Kaka ta juya fuskarta wajen bangon tana saurare, hawaye na bin gefen idonta zuwa matashin kai. Ba wanda ya yi motsi har ya gama. Kafin mako ya zagayo ta rasu. Ran jana'iza bai iya fitowa ya tsaya cikin sahu ba.

Daga baya ne likita ya ba abin suna, ya ce ciwon fargabar mutane ne da ya daɗe yana cin sa, baƙin ciki kuma ya hau kai. Jijiyar hannun ma ta lalace saboda yadda yake matse shi tsawon shekaru, har yanzu ba ya iya dunƙule shi sosai. Ya fara jami'a ya bari. Yanzu yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki cikin gari, aikinsa ta kwamfuta. Ran Juma'a nakan kai masa abinci. Wani lokaci ya buɗe, wani lokaci in ajiye a bakin ƙofa.

Na daɗe ina ɗora wa waya laifi. Da na girma na ga yara da yawa da suka koyi abubuwa ta intanet, suna nan lafiya lau cikin mutane. Kuma ban san ko dattijuwar Sedgefield za ta iya warkar da shi ba. Abin da na sani shi ne, cikin zama ɗaya ta ga hannun da zai lalace, ta ga zufar da ke goshinsa. Da an ci gaba da zuwa, da akwai mutum guda a duniya da aikinsa ne ya dube shi kowane mako. Ina jin abin da Kaka ke tsoro ke nan. Ta san yaro mai kunya zai zaɓi inda ba a ganinsa, kuma wurin zai yi masa daɗi.

Bara 'yata Amira ta ce tana son ukulele. Na samo mata wani malami a cikin gari, dattijo mai tsauri. Sau da yawa da kuka take fitowa, ta ce ita a bar ta ta koya a waya kamar ƙawayenta. Nakan zauna a mota ina jiran ta, ina tambayar kaina ko azabtar da ita kawai nake yi. Wata Juma'a da Yaya Sadik ya buɗe mini, na gaya masa. Ya tsaya riƙe da kular abincin da hannun dama, idonsa a ƙasa.

"Yana kallonta in tana kaɗawa?"

Na ce, "Sosai. Shi ne ma abin da ta tsana."

Ya ce, "Ko ta yi kuka, ki mayar da ita." Ya ja ƙofar a hankali, na ji ya sa sakata.