Darar Mutum Ɗaya

A Tiga babu wanda bai san Malam Shitu da allonsa ba. Aikinsa na gwamnati duba ma'aunin ruwa ne a bakin dam, amma ba da wannan ya yi suna ba. Wani injiniya Bature da ya gama aiki a shekarun tamanin ya bar masa tarin tsofaffin mujallu, wai ya hura wuta da su. A ciki ya tsinci wani wasan lambobi: gida tara a kwance, tara a tsaye, an yanka filin ɗaki tara, kowane layi da kowane ɗaki sai ya ɗauki ɗaya zuwa tara ba maimaici. Shitu ya zana shi da fenti a jikin katako, ya tara murafen kwalbar lemo ya rubuta musu lambobi. Masunta suka raɗa wa abin suna darar mutum ɗaya, wai gardamar Shitu ce ta kore masa abokan wasa.

Matarsa Barakatu kaɗai ta san gaskiyar magana. Mahaifin Shitu ruɗewa ya yi kafin ya rasu a ƙauyen Ƙofa, har ya daina gane 'ya'yansa, kuma tsoron wannan gadon bai taɓa barin Shitu ba. Yakan ce mata, "Muddin ina gama wannan tsakanin azahar da la'asar, to kaina yana nan."

Wasannin da ke cikin mujallun hawa-hawa ne. Masu sauƙi ya raina su, wai na yara ne. Masu wuya kuma na marasa aikin yi. Matsakaitan yake kwafowa daga mujalla, in sun ƙare ya koma farko. Ga shi da son koyarwa ko ba a tambaye shi ba. Barakatu tana tsince shinkafa yana zuba mata karatu: a fara da lambar da ta fi yawa a allo, a bi ta layi layi, a ga ɗakin da gida ɗaya tak ya rage mata. Gidan da lamba biyu ke takara a kansa, sai ya jera ƙwayar dawa a gefe don tuni, kaji kuwa sun sha cinye masa lissafi yana bin su da takalmi. In gida biyu a layi ɗaya suka haɗu a kan lamba biyu, yakan kira su tagwaye, ya ce sauran gidajen layin su cire rai da waɗannan lambobin.

"Kuma ban da canke, Barakatu. Wanda ya canka ya yi ƙarya, can gaba za ta kama shi."

"To, Malam," take cewa, ba ta ko ɗaga kai. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk ya zauna mata.

Bayan ya yi ritaya abin ya fara. Wata rana ta zo ɗauke kwano ta ga bakwai biyu a layi ɗaya, shi kuwa yana ta gumi a wani ɓangaren. Da ya tashi alwala ta duƙa ta cire bakwai ɗin da ta kauce, ta mayar da ita gidanta. Ya dawo ya gama, ya yi dariya har da tafi, ya ce tsufa bai isa ba.

Daga nan ya zama aikinta, kamar shara da wanke-wanke. Da farko lamba ɗaya take gyarawa, daga baya layi guda, har ta kai in ya gyangyaɗa sai ta cike rabin allon. Ta kai shi asibiti a Kano da sunan ciwon ƙafa, likita ya ja ta gefe ya ce sai haƙuri. An yi rubutu, an yi saukar Alƙur'ani. Shitu ya fara neman hularsa tana kansa, ya fara tambayar mutanen da suka daɗe a ƙasa. Barakatu ta san yaudararsa take yi, kuma abin yana cin ta, amma murnar da yake yi in allo ya cika ita ce kaɗai ta rage a gidan.

Wata Juma'a ta cike masa allon gaba ɗaya, ta bar gida ɗaya rak a tsakiya. Ta damƙa masa murfin ƙarshe a hannu, ta koma bakin murhu tana satar kallonsa. Ya dubi allon, ya dubi murfin. Ya juya shi, ya goge shi da bakin riga. Inuwa ta tashi daga kansa bai motsa ba. Aka kira la'asar, aka idar.

Ta kasa daurewa, ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Malam, saura ɗaya fa."

Ya ɗago ya dube ta da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi. Ya miƙo mata murfin da hannu biyu.

"Baiwar Allah, don Allah riƙe min wannan. In Barakatu ta dawo ki ba ta, ita ta san inda ake sawa."