Akwatin Kifin Kawu

Ƙarar ce ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ɓul-ɓul-ɓul, kamar tukunyar da ta fara tafasa ba ta ƙarasa ba. Na je gidan ɗana ne a unguwar Damilu in ga jikata, na cire takalmi ɗaya ke nan na ji ta. Tun ban ga abin ba na san wannan ƙara. Injin da ke hura wa kifi iska ne a cikin akwatin gilashi.

Ku da kuke ganin kayan ado ne kawai, ku saurare ni.

Ina yarinya aka kai ni gidan Kawu, ƙanin mahaifiyata, a Shagari Low Cost, in riƙa taya Kaka aiki. Ba a sa ni makaranta ba. Sai da na hayayyafa na shiga ajin manya, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna ba wanda ya rubuta mini. Kawu ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki, amma yana son ya mallaki abin da babu a gidan kowa. Wata tafiyar aiki da ya yi kudu ya dawo da akwatin gilashi, da fitila ta samansa, da injin iska, da wasu 'yan kifaye ja da ruwan ɗorawa a leda.

Kaka ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Ga Binuwai nan cike da tarwaɗa, ka tafi wata uwa duniya ka sayo kifin da ko miya ba zai yi ba?"

"Inna, wannan na kallo ne."

"To kalle shi ka ƙoshi."

Kan wayar injin bai shiga soket ɗin falonmu ba, na fitilar ma haka. Kawu ya sa reza ya yanke su, ya fere wayoyin, ya murɗe su wuri ɗaya ya naɗe da salatif, ya cusa bakinsu a ramukan soket ya danne da tsinken ashana. Makunnin soket ɗin kuwa ya daɗe da lalacewa, kullum a kunne yake. Ya sha wuya kafin wayar ta zauna, saboda haka ya kafa doka: kowa ya kalli kifi, amma kada wanda ya taɓa wayar nan.

Wanke akwatin ya zama aikina. Da baki nake zuƙo ruwan ta tiyo ya gangara cikin bokiti, kuma sau da yawa yakan wuce mini maƙogwaro, ɗumi-ɗumi, da ƙarni, in kwana biyu cikina na murɗa. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Duk sanda na tsoma hannu sai in ji wani abu na tsikarina a yatsu, kamar cizon ƙananan tururuwa. Na gaya wa Kawu, ya yi dariya ya ce kifin ne ke gaishe ni. Na gaya wa Kaka. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tsoma yatsa ta cire da sauri, ta kafa tata dokar: daga yau ba a wanke akwati sai an ɗauke wuta.

Wallahi duk gidan mun ga hikimar wannan magana. Wutar da babu, ta ina za ta kama mutum? A unguwarmu kuwa ɗauke wuta ba abin jira ba ne, kullum sai an yi. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa masu ɗaukewa ba sa sallama in za su dawo da ita.

Bazara ta shigo. Wanda bai zauna Jimeta ba bai san zafi ba: bango na huci, tabarma na ƙuna, ruwan randa kamar an ɗora a murhu. Aka jima babu wuta, injin ya yi shiru, ruwan akwati ya koma kore, kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Kaka da ke zaginsu kullum ita ta fara kasa zama.

"Rai ne da su, kuma a hannunmu suke. Tashi mu canza musu ruwa."

Akwai wani gyambo a yatsana da ya ƙi warkewa tun da gefen gilashin ya yanke ni na ci gaba da tsoma shi a ruwan. Kaka ta duba ta ce yau ita za ta goge ciki, ni in riƙe bokiti. Ta ɗaga murfin mai fitila ta jingine shi a gefe. Zafi ya sa salatif ɗin ya saki, wayar da aka fere ta zame ta kwanta a cikin ruwa, duk muna gani, ba wanda ya damu. Ai babu wuta. Bokiti ya fantsala, siminti ya jiƙe, Kaka na tsaye a kai ba takalmi, hannunta na dama a ruwa har gwiwar hannu.

Maƙwabciyarmu, malamar firamare ce daga kudancin jiha, Madam muke ce mata, ta shigo dawo mana da taɓaryar da ta ara. Ta tsaya a ƙofar falo tana tsokana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Mama, yau kai ne kake yi wa kifi wanka?"

"Ni ce. In na gama ke ma kawo kanki."

Fanka ce ta fara motsi. Na ga fikafikanta sun juya a hankali, sai ihun yara daga layi suna murnar an kawo wuta, sai ɓul-ɓul-ɓul. Kaka ba ta yi ƙara ba. Wannan ne har yau yake tsaya mini a rai. Bakinta a buɗe, idanunta a kaina, jikinta na kaɗawa, hannun ya kafe a gefen akwatin ta kasa cirewa.

Na saki bokiti na yi kanta zan rungumo ta. Madam ta bangaje ni na bugu da kujera.

"Kada ka taɓa shi!"

Ta miƙa taɓaryar nan ta daki wayar a jikin bango. Tsinkayen ashana suka yi tsalle, wuta ta yi tartsatsi, ƙarar ta mutu. Kaka ta sulale ƙasa cikin ruwan kore. Na durƙusa ina kiranta ba ta amsa ba. A waje yara na ta tsalle da waƙa. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ga ƙirjinta ya ɗaga, ta ja numfashi kamar wadda aka tsamo daga kogi.

Madam ce ta tare mota ta kai ta asibiti. Ta rayu, ta ƙara shekaru masu yawa. Amma yatsu biyu na hannun sun lanƙwashe ba su sake miƙewa ba, kuma daga ranar ba ta ƙara yi mini kitso ba.

Da Kawu ya zo asibiti ya zauna a ƙasa gaban gadonta, babban mutum da rigar ofis.

"Inna, ni na ce kada a taɓa wayar."

"Kai ka ce, ni kuma na ce a jira a ɗauke wuta. Mu biyu muka yi wayon. Tashi, mutane na kallonka."

Kifayen ya ba wani abokin aikinsa. Akwatin kuwa Kaka ta sa aka wanke ta riƙa zuba albasa a ciki, tana cewa sai yanzu ya yi amfani.

To ga ni yau a falon ɗana. Akwatinsa ya fi na Kawu girma da kyau, wayoyinsa da kansu na ainihi, ba ashana. Amma soket ɗin a ƙasa yake, daidai inda ruwa zai ɗiga, babu murfi a sama, jikata kuma ta fara kama kujera tana miƙewa. Ban zauna ba sai da na faɗi duk abin da ke bakina: a ɗaga soket, a rufe sama, kada in ga tiyo a bakin kowa, mai ciwo a hannu kada ya tsoma. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsohuwa.

Muna cin abinci aka ɗauke wuta. Ya tashi ya naɗe hannun riga wai bari ya gyara wani dutse da ya faɗi a ciki.

"Ina za ka?"

"Mama, ai babu wuta."

Yanzu ko ihun yara babu. Wani na da janareto, wani na da batir, wuta na dawowa shiru ba mai sanar da kai. Na tashi na zare wayar daga bango, na naɗe ta a hannuna, na koma na zauna.

"To, yanzu tsoma."

Ban sake ta ba sai da ya wanke hannu da sabulu ya goge.